Taki na Tara

Gonar Enos, arewacin New York
9 ga Afrilu

Ƙanena Menno,

Gaisuwa cikin sunan Yesu zuwa gare ka da Lovina da yara. Ina fata kun isa Ohio lafiya, kuma tarin nan ya saki Lovina. Mu nan lafiya lau, sai dai ƙanƙara ta narke ta bar mana taɓo. Ranar Lahadi da za mu tafi sujada, sau biyu maigidana Enos yana sauka yana tura keken dokin, ni kuwa ina zaune a ciki ina ba shi shawara.

To albishirinka. Mai duba gini na gunduma ya zo ranar Talata ya sa hannu, ranar Alhamis mahaifiyarmu Mam ta tare a ƙaramin gidan da ka gina mata. Har yanzu mazan da suka zo gayya suna maganarka. Sun ce ba su taɓa ganin kafinta mai auna katako sau uku kafin ya sa zarto ba, kuma ka hana su shan shayi cikin natsuwa.

Mai duba ginin ya duba tagar ɗakin kwana, ya ce ƙato ma zai fita ta nan in gobara ta tashi. Ya danna ƙaramin abin nan mai ihu in ya ji hayaƙi, wanda Bishop, shugaban cocinmu, ya yarda a sa tunda da batir yake aiki, ba da lantarkin da aka hana mu ba. Jiya Mam ta ƙona burodi, abin ya kama ihu, ta ɗaga kai ta ce masa, "Na ji. Makanta ce ke damuna, ba kurumta ba."

Amma a matakalar ɗakin ƙasa ya fi daɗewa. Ya durƙusa ya auna taki goma sha biyun nan ɗaya bayan ɗaya, ya tashi ya ce shekararsa ashirin yana wannan aiki bai ga masu daidaito irinsu ba. Na yi niyyar ɓoye maka, don na san hularka ba za ta ƙara shiga kanka ba.

Mun sauke mata kwalabenta duka, tumatir da wake da miyar tuffa. Ta ce ba wanda zai riƙa ɗauko mata, shekara hamsin da biyu tana sauka ɗakin ƙasa da ƙafarta. Tana bin bango tana shafawa, tana cewa gidan yana ƙamshin hannun mahaifinmu Dat. Na ga ta yi dariya sau uku a mako ɗaya, abin da ban gani ba tun da muka binne shi.

Yayarka,
Saloma

Ohio
24 ga Afrilu

Yaya Saloma,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Muna lafiya, tarin Lovina ya yi sauƙi. Hulata tana nan daidai kaina, na gwada da safe.

Muna kan ginin wani gidan Ingilishi, wato waɗanda ba 'yan cocinmu ba, mai ɗakin mota uku, mutum biyu ne kacal za su zauna a ciki. Direba yana ɗaukarmu tun ƙarfe biyar, shi ya sa wasiƙar ba tsawo.

Na ji daɗin maganar mai duba gini, ba zan yi ƙarya ba. Amma daidaita matakala ba gwaninta ba ce, tilas ce. Ƙafa ba ta da ido. Taki biyu na farko take aunawa, sai ta yarda da sauran. Shi ya sa doka ta ce bambancin wani taki da wani kada ya kai ko rabin inci. Na yi wa Mam goma sha biyu kamar na tsohon gidanmu, faɗi ɗaya, tsawo ɗaya, don kada ta rikice. Abu ɗaya ne ban kwaikwaya ba, taki na tara na Dat, wanda ya fi sauran zurfi da inci ɗaya da rabi. Ke ma kin san shi, gwiwarki ta san shi.

Ki ce mata ta riƙa kama sandar dafawa. Na goge ta sumul, ko tsinke ba zai soke ta ba.

Ƙanenki,
Menno

Gonar Enos
2 ga Yuni

Menno,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yara lafiya, shuka ta fito. Ka zauna kafin ka ci gaba.

Mam ta faɗi a matakalarka ranar Litinin. Tana da rai, tana magana, amma wuyan hannunta na hagu ya karye, an ɗaure shi a asibiti, kuma gefen fuskarta ya yi baƙi. Ina shanya na ji ƙarar kwalba. Na same ta a ƙasa cikin tumatir, na zaci jini ne.

Da ta dawo hayyacinta na tambaye ta ko santsi ne. Ta ce ba santsi. Ta ce tun da ta tare take ƙirga takin a zuci, kullum in ta zo na tara sai ta tsaya ta lallaɓa. Ranar Litinin hankalinta yana kan tukunya, ta ƙirga tara, ƙafar ta tafi neman zurfin da ta saba, sai katako ya tare ta tun ba ta shirya ba.

Enos ya sa kwaɗo a ƙofar ɗakin ƙasa, mun dawo da ita ɗakinmu na baƙi. Bai yi don mugunta ba, shi ne ya ɗauko ta daga ƙasa.

Ta ba ni saƙo, ta sa na rantse zan rubuta yadda ta faɗa: "Ki ce wa Menno ya zo ya ɓata mini taki na tara kamar na ubansa, in koma gidana."

Kai ne mai awo.

Saloma

Gonar Enos
10 ga Yuli

Menno,

Gaisuwa. Mako biyar ke nan. Kullum Mam tana jin motar mai kawo wasiƙu tun kafin ni in ji, sai ta juyo da fuskarta wajena. Na gaji da cewa babu.

Hannun yana haɗuwa, likita ya ce nan da mako biyu za a kwance. Sauran jikin ne ban gane ba. Na kawo mata wake ta ɓare, ta ce in ba yara. Ka san Mam da ɓarar wake, ko a jana'iza sai ta nemi kwano. Tana zaune bakin taga da ba ta ganin komai ta cikinta, fuskarta tana kallon ƙaramin gidan. Ta daina faɗa da ni a kan gishiri. Rigarta ta fara yi mata yawa.

Enos ya ce a bar ta wurinmu gaba ɗaya, a rufe gidan har sai wani ya buƙace shi. Ya ce gara ta yi fushi tana da rai. Na kasa ce masa bai yi gaskiya ba, amma ina kallonta tana ƙarewa a kan kujerata mai laushi.

Na zauna na tuna abin da na rubuta maka. In kalmar "matakalarka" ce ta toshe maka baki, to ka ji ni da kyau. Na ce matakalarka ne kamar yadda zan ce dokinka. Ba wanda ya ɗora maka laifi a gidan nan, ko Enos. Tun kana ƙarami haka kake, in aka ce miya ta yi sanyi sai ka ɗauka da kai ake. Ka ɗauki alƙalami, don Allah.

Yayarka mai kewarka duk da haka,
Saloma

Ohio
16 ga Yuli

Yaya,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Muna lafiya. Ki yafe mini. Na fara wasiƙa huɗu, Lovina ta hura murhu da su.

Kin canka daidai. Na karanta kalmar nan har takardar ta yage a wurin ninki. Na gina matakala ta fi ɗari biyu a gidajen mutanen da ban sani ba, ba wadda ta kayar da kowa, sai wadda na yi wa uwata.

Amma ba zan ɓata takin ba. Ba don tsoron mai duba gini ba, ko da yake da hannuna na sa suna a takardarsa. Ke ma za ki sauka nan da kwando a hannu, yaranki za su sauka da gudu. In na haƙa rami don ƙafa ɗaya, na haƙa wa goma tarko. Ki faɗa mata a hankali.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba, don lokacin kin riga kin yi aure kin tafi. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ina sabon shiga aikin gidajen Ingilishi, kaina cike da dokoki. Ranar da aka yi sujada a gidanmu, bayan an ci abinci, dattawa suna zaune, na zaro awo daga aljihu. Ranar Lahadi, Yaya, ranar da ba a taɓa kayan aiki. Na buɗe ƙofar ɗakin ƙasa na auna takin a gabansu, na ce da mai duba gini zai ga wannan da ya sa an rushe. Na ce yini ɗaya ya ishe ni in gyara abin da Dat ya kasa gyarawa shekara arba'in.

Dat ya shafa gemunsa, ya tambayi Bishop ko a ƙaro masa shayi. Bai gyara takin ba, bai kuma ƙara cewa in riƙe masa ko ƙusa ba har ya rasu. Ni kuma na riƙe a raina cewa taurin kai ne ya sa ya fi son matarsa ta karye da ya yarda ɗansa ya fi shi. Da nake gina gidan Mam, kowane taki da na auna, da shi nake gardama.

Ranar Asabar zan je tsohon gidan. Rudy ɗan kawu da ke ciki yanzu zai cire matakalar, matarsa tana da juna biyu kuma ta riga ta yi tuntuɓe sau ɗaya. Ya nemi in taya shi. Ban san me nake nema a can ba.

Menno

Ohio
22 ga Yuli

Yaya,

Gaisuwa. Kowa lafiya. Ki karanta wannan ke kaɗai tukuna.

Mun cire matakalar. Da na kwance sandar dafawa na juya ta don in jingine, sai yatsana ya faɗa wani gurbi. A ƙarƙashinta yake, inda ido ba ya kaiwa sai yatsun mai riƙo. Tsaga ce da aka yi da wuƙa, daidai girman kan yatsa, kuma daidai saitin taki na tara. Kafin ita da ɗan tazara akwai ƙanana guda biyu, kamar a ce shirya. A can ƙarshe akwai doguwa ɗaya, saitin taki na ƙarshe. Bakinsu ya goge ya yi sheƙi, hannu ya daɗe yana wucewa ta kai. Na san yankan wuƙar Dat kamar yadda na san rubutunsa.

Rudy ya ce, "Lafiya, Menno? Ka ga maciji ne?" Na ce masa ƙura ce ta shige mini ido. Ya ce ƙurar gidan nan da ƙarfi take, tunda har ta zaunar da ni a ƙasa.

Kin gane? A tsohon gida Mam ba ta ƙirga taki. Hannunta ne yake gaya wa ƙafarta. Ni na ba ta sanda sumul wadda ba ta cewa komai, har ina alfahari ko tsinke ba zai soke ta ba. Dole ta koma ƙirge, ƙirge kuma ya kai ta tara.

Ga abin da nake so in yi. Rudy ya bar mini sandar. Tsawonta ɗaya da tawa. Zan kawo ta in kafa a gidan Mam. Doguwar tsagar ƙarshe zan bar ta yadda take. Ta taran kuma zan cike ta da guntun katako, in bar shi ya ɗan taso kaɗan, yadda in yatsanta ya je neman rami zai tarar an cike. Hannun da ya koya wa ƙafar akwai rami, shi zai koya mata babu. Ban tabbata zai yi ba. Ki roƙi Enos ya ba ni dama sau ɗaya.

Ki kuma tambayar mini Mam abu ɗaya, don ni ba zan iya ba. Mutumin da ya zauna ya sassaƙa wannan, me ya hana shi gyara takin?

Menno

Gonar Enos
1 ga Agusta

Ƙanena,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. An kwance hannun, yana motsi. Masara ta kai kafaɗar Enos.

Ban karanta ni kaɗai ba, ka yi haƙuri. Mam ta ji ƙarar takardar ta ce, "Ta Menno ce, shi kaɗai ke ninke takarda kamar zai sa ta a kusurwar gini." Na karanta mata duka. Da na zo wurin tsagar sai ta ɗaga hannun dama tana motsa yatsu a iska, ƙanana biyu, babba ɗaya.

Sannan ta ce in rubuta.

Washegarin Lahadin nan da ka zaro awo, Dat ya tashi da sassafe ya yanko katakon sabuwar matakala. Ya ce mata, "Yaron ba shi da kunya, amma ya yi gaskiya." Ita ce ta bi shi rumbu ta riƙe masa hannu. A shekarar ne idonta ya fara rufewa, ba wanda ya sani sai shi. Ta ce masa ɗakin ƙasa ya riga ya zame mata duhu, da ƙafa take ganinsa, in ya canza takin ya ƙwace mata shi. Ta kuma roƙe shi kada ya gaya mana, don ta san za mu taru mu zaunar da ita a kujera. Sai ya mayar da katakon, ya ɗauko wuƙa.

Na ce, "Mam, shekara biyar fa kafin ki gaya mana." Ta ce, "Da na gaya muku me kuka yi? Ga ni a kujera."

Na tambaye ta me ya sa bai ƙara kiranka aiki ba. Ta ce tsoro yake ji. Ya san in ka shigo gidan da awonka sai ka gano, don ba abin da ke wuce maka. Ta ce duk gidan da kuka gina a gundumar, in sun wuce a keken doki sai ya rage tafiya ya gaya mata yadda rufin ya zauna. Na yi kuka, Menno, ba zan ɓoye maka ba. Ita kuwa ta ce in share hanci in kawo mata waken nan.

Enos ya yarda, da sharaɗin mai duba gini ya ga sandar, kuma shi zai tsaya a ƙasa ranar da za ta gwada. Ka zo.

Saloma

Gonar Enos
12 ga Satumba

Menno,

Gaisuwa cikin sunan Yesu zuwa gare ku duka. Muna lafiya, muna tsakiyar dafa tuffa, gidan duk zuma da ƙudaje.

Na san ka koma da nauyi a zuciya. Ka yi tafiyar yini guda, ka kafa sandar, ka kwana uku, Mam ta ƙi ko kusantar ƙofar. Na ga fuskarka da direba ya zo. Bayan kun tafi na tambaye ta dalili, ta ce, "In faɗi a gabansa? Yaron nan ba zai ƙara riƙe guduma ba."

Mai duba gini ya zo bayan mako guda. Ya auna tsayin sandar, ya kama ta ya girgiza, ya ce ta yi. Enos ya nuna masa ƙarƙashin. Ya rufe ido ya sauka da hannunsa a kai har ƙasa, ya hawo, ya ce wannan ba ya cikin littafinsa, kuma ba abin da ya hana.

Ranar Laraba da hantsi ta ce Enos ya kawo mabuɗi. Ya sauka ya tsaya a ƙasa da hannuwa a buɗe kamar mai jiran ɗan maraƙi. Ni ina bayanta, ta ce in na taɓa ta za ta koma kujera har abada. Ta kama sandar. Ka san yadda take gaisawa da mutanen da ta daɗe ba ta gani ba, ba ta sakin hannu da wuri. Haka ta yi.

Ta sauka ba ta ƙirga ba, na lura da bakinta. Ta wuce ƙananan biyu. Sai ta tsaya, ƙafa ɗaya a sama, yatsanta yana zagaya guntun katakonka. Ta ce, ba da mu take ba, da Dat take, "Gideon, ɗanka ya cike ramin." Ta sa ƙafa, ƙafar ta zauna daidai. Ta kai ƙasa ta ce wa Enos ya matsa, yana tare mata hanya.

Yanzu sau biyu take sauka a yini. Kullum tana ɗan tsayawa a na tara, ban sani ba ko don ƙafar ne ko don wani abu, ban kuma tambaya ba. Ta koma gidanta ranar Juma'a. Jiya ta ce miyata ba gishiri.

Ta karɓi alƙalamin, ta ce sauran ita za ta rubuta da kanta. Shekara shida rabonta da rubutu. Na ɗora mata hannu a kan takardar kawai.

Saloma

Menno ɗana. Sandar ta zauna. Hannun ubanka da naka suna wuri ɗaya, ina taɓa ku kullum. Ya yafe maka tun ranar Litinin ɗin da ya yanko katako, ni ce na hana shi faɗa, ni za ka yafe wa. Na san layukan nan sun karkace. Kada ka ɗauko awo.

Mam